Kwaɗi a Ramin Banɗakin Abba

Surukina Mojibor mai fito ne. A ƙauyenmu na Shimulkandi da ƙauyukan tsallaken kogi babu wanda bai taɓa hawa jirginsa ba. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, mai son surutu da tsokana. Da aka kawo ni gidan, ni Shefali, matar ɗansa Lutfor, shi ya fara sa ni dariya alhali ina cikin kukan rabuwa da gida. Abba muke kiransa, matarsa Anowara kuma Umma.

A ƙarshen sanyin wata shekara ya yanke jiki ya faɗi a bakin kogi yana ɗaure jirgi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Likita ya ce harshen ne ya yi nauyi, in ya dage da gwadawa zai riƙa samun kalma ɗaya ɗaya. Sau ɗaya ya gwada. Ya so ya nemi ruwa a gaban masu dubiya, sai wani sauti ya fito kamar na ɗan maraƙi, mutane suka sunkuyar da kai. Tun ran nan ya kulle bakinsa. Mukan fito da shi baranda da safe mu zaunar a kujera, ya wuni yana kallon ƙafafunsa.

Lutfor yana Malesiya a lokacin, yana aiki a gonar kwakwar manja. Abin da ya fi damunsa shi ne masai ɗinmu, inda muke bahaya, yana can bayan kurmin gora, kuma ni da Umma muke cicciɓar Abba zuwa can. Sai ya ce a gina banɗaki na zamani a jikin ɗakin Abba. Aka kira Kalachand magini, ya auna, ya fara haƙa rami mai faɗi a gaban baranda. Ya kai zurfin ƙugu, gefe ɗaya bai ma gama sarewa ba, yana nan a gangare, sai damina ta sauka. Ruwa ya yi ta dukan rufin kwano tun la'asar, ba mu ji ya tsagaita ba.

Da asuba wata hayaniya ta tashe ni, kamar an tara awakin kasuwa ana shaƙe su lokaci guda. Na fito da buta a hannu, sai na tarar ramin Kalachand ya cika fal da ruwa, ruwan kuma ya cika fal da kwaɗi. Manyan nan ne da suke binne kansu cikin ƙasa duk tsawon rani, waɗanda in ka gan su a sauran lokuta launin laka gare su. Amma ran nan mazansu sun rikiɗe sun zama rawaya sosai, kamar angwayen da aka shafe da kurkum. Kowanne yana hura jakunkuna biyu shuɗɗa a gefen maƙogwaro, su kumbura, su sace, su sake kumbura. Suna kokawa, suna hawa kan juna, wani ya rungumi namiji ɗan'uwansa bisa kuskure a watsar da shi. Matan ba su sauya launi ba, kuma sun fi su girma. Duk wadda ta faɗo ruwan sai maza su yi mata ca, wanda ya yi nasara ya ɗafe bayanta ya riƙe ta gam a ƙarƙashin hammata.

Umma ta fito ta duba, ta ja gefen sarinta, dogon zanen da muke naɗawa, ta rufe baki, ta ce wannan rashin kunya har a ƙofar ɗakin marar lafiya. Muka fito da Abba kamar kullum. Ban lura da komai ba sai da na kawo masa shayi, na ga ba ƙafafunsa yake kallo ba. Ya miƙa wuya, idonsa na kan ramin, kuma ɓarin bakinsa mai lafiya yana rawa. Wani ƙaton kwaɗo ya yi tsalle zai hau wata mace, ya wuce ta, ya bugi bangon ramin ya faɗo da baya, ƙafafu a sama. Abba ya saki wani sauti ta hanci. Shayin ya zube masa a cinya, bai ma kula ba.

Kafin azahar biki ya watse. Washegari ko rawaya ɗaya ba mu gani ba, sai ƙwai da suka bari a saman ruwa, ɗigo-ɗigo baƙaƙe cikin yauƙi kamar an watsa riɗi a miyar kuɓewa.

Da hantsi Kalachand ya zo da bokiti zai kwashe ruwan ya ci gaba da aiki. Ya naɗe zaninsa, ya sauka ta gangaren, ya cika bokitin farko. Ina tsintar shinkafa, Umma tana yanka kabewa, sai muka ji an buga sanda a ƙasa, wata murya mai kauri ta ce:

"Bari."

Wuƙar ta suɓuce wa Umma. Kalachand ya tsaya da bokiti a hannu yana waige-waige, ya duba ni, ya duba Umma, ya duba har saman bishiyar mangwaro. Abba ya sake buga sanda, ya nuna bokitin, ya nuna ramin. Kalachand ya mayar da ruwan a hankali kamar mai zuba madara.

Umma ta taso da gudu ta tsaya a gaban Abba, hawaye na zuba, tana dariya. Ta ce, "Baban Lutfor, kai ne ka yi magana? To dube ni. Ni wace ce?"

Abba ya dube ta. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, bakinsa ya yi ta kokawa da kalmar. Can ya ce:

"Matsa."

Ta tare masa ramin ne. Kalachand ya zauna daɓas a cikin laka don dariya, ni kuwa na shige kicin na cusa gefen sari a baki. Umma ta bi gida gida tana kai ƙara, wai tun tana yarinya take dafa wa mutumin nan abinci, watanni tana yi masa wanka tana juya shi, amma kalmar farko ta kwaɗi ce, ta biyu kuma korar ta aka yi. Tana faɗa tana share ido, fuskarta kamar an yi mata albishir da kujerar Makka. Kafin magariba ta raba alewar madara har gidan liman.

Aka sallami Kalachand sai abin da hali ya yi. Ƙwan ba su daɗe ba suka ƙyanƙyashe, ruwan ya cika da wasu 'yan baƙaƙen abubuwa, daga kai sai wutsiya. Da farko suna manne da ciyawar gefe ba sa motsi, daga baya suka fara yawo tuli-tuli. Abba ya sa aka matsar da kujerarsa bakin baranda. Tun kafin in gama shara yake buga sanda a fito da shi.

Sai agwagin maƙwabciyarmu Rokeya suka gano wurin. Wata safiya suka shigo a jere ta ƙarƙashin shinge, suka faɗa ramin suna wawura. Kalmar Abba ta uku zagi ce, irin ta bakin kogi, wadda ba zan maimaita ba. Ta fito tas, babu ko gargada, har Rokeya ta ji daga gidanta ta zaci da ita ake. Ta zo bakin shinge ta riƙe ƙugu, Umma ta fito ta tare ta. Rokeya ta ce agwaginta ba su san iyakar fili ba, kuma ba ta taɓa jin inda aka yi kiwon kwaɗi ba sai a gidan da hankali ya yi ƙaura. Umma, wadda jiya-jiya take cewa za ta zuba kananzir a ramin, ta ce kwaɗin gidanta ne, a filinta aka haife su, duk agwagwar da ta sake shigowa a tukunya za ta kwana. Abba yana zaune yana bin su da ido, ya dubi wannan ya dubi waccan, yana jin daɗi ƙwarai.

Da yamma ya nuna mini rufin ɗaki ya ce, "Koma." Na ɗauka kora ta yake yi, na juya zan tafi, ya buga sanda. Ashe tsohuwar komarsa ta kamun kifi yake nufi. Na sauko da ita duk ɓeraye sun cinye. Muka zauna muna ɗinkewa, shi da hannun hagu yana riƙe zare, ni ina ƙullawa. In na yi ƙullin banza sai ya ƙwanƙwashe mini yatsa ya ce, "Sake." Muka shimfiɗa ta kan ramin bisa sandunan gora. Agwagi suka zo suka yi ta zagaye, zalɓe ma ya sauka ya tsaya da ƙafa ɗaya ya gaji ya tashi.

Abin da koma ba ta hana ba shi ne ta'asar cikin gida. 'Ya'yan irin waɗannan kwaɗi mafarauta ne. Sun cinye tsutsotsin sauro, abin da ya yi mana daɗi, sannan manyansu suka juya kan ƙanana. Abba ya ga wani ya kama ɗan'uwansa ta wutsiya yana haɗiya, ransa ya ɓaci, ya ƙi cin abincin rana. Umma ta ajiye masa kwanon shinkafa da miyar dal, wato ta wake, ta ce, "Me ya ba ka mamaki? Ai danginka ne. Ba haka kai da yayyenka kuka yi kan gonar mahaifinku ba?"

Na zaci zai yi fushi. Sai kafaɗarsa ta fara girgiza, ya yi dariya har ya ƙware, sai da na bubbuga masa baya. Bayan haka ya sa na riƙa watsa musu ƙananan busassun kifi da aka daka, ko za su ƙyale juna.

Duk wannan Lutfor bai sani ba. Abba ya hana a faɗa masa, kuma in aka kira waya sai ya rufe baki ruf, ya koma kallon ƙafafunsa. Ina jin kunya yake ji ɗansa ya ji yadda maganarsa ta koma. In Lutfor ya kira ta bidiyo sai in juya wa ramin baya in tsaya ta wajen kicin. Ranar da ya matsa da tambayar ina aka kwana a aikin, Umma ta karɓi wayar ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, ramin ma har ya cika. Ya yi ta sa wa Kalachand albarka.

Ana cikin haka sama ta ɗauke. Rana ta buɗe, zafi ya dawo, ruwan ramin ya fara ja da baya yana barin zobe-zobe a bango. Ya sauko gwiwa, ya sauko ƙauri, ya yi ɗumi kamar ruwan wanka, 'yan abubuwan suka cunkushe a tsakiya suna haki a saman ruwa. Na fara jido musu daga famfon tuƙa-tuƙa, Abba ya hana. Ruwan famfonmu sanyi gare shi, ga ƙarnin ƙarfe. Ya ce, "Tafki." Tafkin kuwa yana can bayan masallaci.

Haka muka fara jigila, ni da Umma, tulu a ƙugu. Tana tafe tana mita, wai ko ranar bikin ɗanta ba ta ɗebi ruwa haka ba. Matan unguwa suka fara tsayawa suna yi mana dariya, sai ɗaya ta ce bari ta kama mana tulu ɗaya, wata ma ta bi. Kafin a jima abin ya zama wasan yamma. Mata a jere daga tafki zuwa gidanmu, ana waƙar biki, ana juye tulu a rami, Abba yana zaune a ƙarƙashin lema kamar mai karɓar gaisuwa, yana ce wa kowacce "Ƙara." Rokeya ta daure kwana biyu tana leƙe ta shinge, sannan ta fito da tulun da ya fi na kowa girma, ta ce ita ba don kwaɗi ta zo ba, don kada a ce ba ta da zumunci ne. Ta zo da kainuwa ma ta watsa a saman ruwan don inuwa.

Abba ne ya fara ganin ƙafa. Ya yi ta nuna ruwa yana cewa, "Ƙafa, ƙafa," Umma ta zaci tasa ce ke ciwo ta ɗauko man zafi. Na kamfato ɗaya a kwano na kawo masa. Ga su nan kuwa, 'yan ƙafafu biyu sirara a gindin wutsiya, har da yatsu. Daga baranda ba ya gani sosai, kuma ya gaji da jiran a kawo masa a kwano. Kalachand, wanda kullum yakan biyo ya ga ko an ba shi izini, ya ce tunda an hana shi gini bari ya yi wani abu da hannunsa. Ya kafa gora biyu a jere daga baranda zuwa bakin ramin, daidai tsayin ƙugu. Ranar farko Abba ya miƙe ya riƙe gorar, ya yi gumi sharkaf, ya koma ya zauna. Bayan 'yan kwanaki yana jan ƙafar dama har tsakiya. Ranar da hannuwan gaba suka ɓullo wa na farkonsu, a bakin ramin ya gani da idonsa, a tsaye.

Daga nan suka daina cin abinci, wutsiyoyi suka fara guntulewa, baki ya yi faɗi. Suka taru a gangaren da Kalachand bai sare ba, rabi a ruwa rabi a tudu, kowanne bai fi kan ɗan yatsa ba. Muka ɗage komar. Ruwan sama ya dawo, amma suna nan zaune kamar masu jiran jirgi.

Wata safiya ana yayyafi suka tashi gaba ɗaya. Na fito daga kicin na ga tsakar gida tana motsi. Ko'ina su ne, suna tsalle ƙanana ƙanana, wasu da guntun wutsiya har yanzu, sun nufi kurmin gora, sun nufi gonar shinkafa, wasu kuma da ba su san hanya ba sun nufi ɗakunanmu. Na rufe tukunyar shinkafa da sauri. Umma ta fito tana tafiya a kan yatsu, ta tattare sari har gwiwa, tana roƙonsu su yi wa Allah su bar mata wurin taka ƙafa. Ɗaya ya faɗa mata cikin naɗin sari, ta yi wata rawa da ban san ta iya ba. Rokeya ta kulle agwaginta ba tare da an roƙe ta ba, ta zo da faifai tana kwashe na cikin kicin tana kaiwa bakin gona. Abba yana tsaye riƙe da gora, ruwa na sauka a kansa, ya ƙi lema, yana nuna mana da haɓa inda za mu taka.

A daidai wannan lokaci aka turo ƙofar gida. Lutfor ne, ya samu hutu bai gaya wa kowa ba, wai zai ba mu mamaki. Ga sabon takalmi mai sheƙi, ga akwati mai taya yana ja. Ya ɗaga ƙafa zai shigo.

"Tsaya," in ji Abba.

Lutfor ya tsaya, ƙafa ɗaya a sama. Ya dubi mahaifinsa da ya saba gani a waya bebe a kujera, ga shi a tsaye a tsakar gida. Bakinsa ya buɗe, ya ce, "Abba?"

"Takalmi," in ji Abba. "Cire."

Ya duba ƙasa, sai a lokacin ya ga abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Ya jingina da ƙofa ya cire takalman da safa, yana kuka kamar yaro, ya rataya su a wuya, ya ɗora akwatin a ka. Ya fara ratsowa a kan yatsu, ya yi taku ya tsaya, ya yi taku ya tsaya, hawaye da ruwan sama sun haɗu a fuskarsa, mu kuma muna ba shi umarni ta ko'ina, wannan ta ce dama, waccan ta ce hagu. Da ya iso ya ajiye akwatin a kan gora ya rungumi Abba, har suka kusa faɗawa ramin su biyu. Abba ya dafa kansa da hannun hagu, ya daɗe yana neman kalma, sannan ya ce, "Ka rame."

Sai da aka natsu, aka zauna a baranda ana shan shayi kowa ya naɗe ƙafafu a kan kujera, Lutfor ya waiwaya ya dubi ramin, ya dubi jikin ɗakin Abba inda babu ko tubali ɗaya. Ya ce, "Umma, ina banɗakin? Ba kin ce ramin ya cika ba?"

Umma ta ce, "To ƙarya na yi? Tashi ka duba."

Rokeya ce ta fara fashewa, sai ni, sai Abba. Lutfor ya yi ta dubanmu ɗaya bayan ɗaya kamar ya shigo gidan da ba nasu ba, daga baya shi ma ya bi sahu, ko da yake sai da na ba shi labarin tun daga farko har sau biyu kafin ya gane.

Maganar Abba ba ta dawo duka ba, hannun dama kuma bai sake riƙe komai ba. Amma yakan haɗa kalma uku ko huɗu, ya isa ya yi tsokana, kuma da sanda yake zuwa masallaci. Ya hana a taɓa ramin, ya ce na baƙinsa kwaɗi ne. Lutfor ya haƙura ya ce a yi banɗakin ta bayan ɗaki.

Kalachand ya ce ya yarda, amma bisa sharaɗin ba za a bar kwaɗi su sake ƙwace masa rami ba. Ya jira ranar da gari ya waye babu ko ɗigon gajimare, ya zo da ƙannensa biyu, suka haƙa sabon rami tun safe ba su ko tsaya cin abinci ba. Da la'asar hadari ya fara haɗowa ta gabas. Ya sa aka kwanto ƙofar kicin ɗinmu da fallayen kwano, ya rufe ramin ruf, ya danne gefuna da tubali, ya toshe kowace kafa da laka. Sannan ya hau kai ya zauna da lemarsa, ya ce a kawo masa shinkafarsa nan, shi ba zai sauka ba sai ruwan ya wuce.